Sabuwar Manhajar Waya Na Tafe: Abin da Manomi da Ɗan Kasuwa Za Su Yi Kafin Su Danna

Tun da labari ya bazu cewa sabon zubin Android zai fara sauka a wayoyin da ke hannun jama'a, tambayoyi suke ta zuwa wa wannan fili daga Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Ƙafur. Masu tambayar sun rabu gida biyu. Matasa sun ƙosa, kullum suna leƙa saiti su ga ko ya iso, suna fatan caji ya riƙa daɗewa, waya ta ƙara sauri, hoto ya ƙara fitowa. Dattawa da 'yan kasuwa kuwa tsoro suke ji. Abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne: "Malam, tun da yaro ya sabunta mini ta bara ta fara nauyi, wannan karon ba mai taɓa mini waya."

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma amsata ɗaya ce. Sabuntawa ba ta mayar da tsohuwar waya sabuwa, amfaninta mafi girma shi ne tsare kuɗinka da sirrinka. Don haka a yi ta, amma da shiri, kuma a lokacin da ya dace.

Me ake sabuntawa, kuma me ya sa take jinkiri?

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da komai a cikin waya: kira, kyamara, batir, da duk ƙananan manhajojin da ka sauke irin su WhatsApp da ta banki. Kamfanin Google na Amurka ne ke fitar da Android, kusan zubi ɗaya a kowace shekara. Android 15 ya sauka a wayoyin Pixel na Google a watan Oktoban 2024, Android 16 kuma ya fito ranar 10 ga Yunin 2025.

Sai dai daga Google ba ya zarcewa kai tsaye zuwa wayarka. Masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek da Unisoc za su daidaita shi da kayansu. Sannan kamfanin wayar ya ɗora tasa rigar a kai: Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS, Samsung na da One UI, Redmi na da HyperOS. Bayan haka a riƙa sakin sa rukuni-rukuni, manyan wayoyi a gaba, masu araha a baya, wasu kuma ba za su taɓa samu ba. Ko Samsung da girmansa sai a watan Afrilun 2025 ya fara raba Android 15, wata shida bayan Pixel. Idan abokinka ya samu kai ba ka samu ba, wayarka lafiyarta lau, layi ne bai zo kanka ba.

Ka kuma bambance sabuntawa iri biyu. Akwai babban sauyi, wanda ke ɗaga lambar Android ya canza fasalin waya. Wannan yakan ci data fiye da gigabait ɗaya, wani lokaci biyu ko uku. Akwai kuma facin tsaro, ƙarami ne, ba ya canza kamannin komai, aikinsa toshe kafofin da ɓarayin intanet suka gano. Jama'a sun fi ɗokin na farko, alhali na biyun ne bai kamata a tsallake ba.

Burin da zai cika da wanda ba zai cika ba

Batirin da ya shekara uku yana shan zafin rana a gona da cajin janareta ya riga ya gaji. Babu manhajar da za ta dawo masa da ƙarfinsa, sai dai a canza shi. Haka ma sabis: ƙarfinsa daga turakun kamfanonin sadarwa yake. Mutanen wannan yanki sun ga zahiri a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layuka a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi. Mai babbar waya da mai ƙarama duk ɗaya suka zama. Wayar da aka ƙera a kan 4G kuma ba za ta koma 5G don an sabunta ta ba. Wayar da ƙwaƙwalwar aikinta gigabait 2 ce, wadda galibi ke ɗauke da Android Go mai sauƙin nauyi, ita ma kada a sa ran ta yi gudun da ba a gina ta a kai ba.

Abin da yake na gaske shi ne tsaro. Daga 2024 Google ya fito da kariyar ƙwace: idan aka fizge waya daga hannunka aka ruga a guje ko a kan babur, tana iya ganewa ta kulle kanta. Wannan yana aiki a yawancin wayoyin da ke kan Android 10 zuwa sama, amma sai ka kunna shi da kanka a sashen Google na cikin saiti. Android 15 ya zo da keɓaɓɓen wuri mai makulli na daban inda za ka iya ɓoye manhajar banki, ko da yake ba kowane kamfani ne ke saka shi a wayoyinsa ba. Ga wanda ke karɓar kuɗin buhu hamsin na masara ta tiransifa a tsakiyar kasuwar Ɗandume, waɗannan sun fi sabon launin allo daraja nesa ba kusa ba.

Masu fatan rubuta Hausa da ɓ, ɗ da ƙ ba sai sun jira komai ba. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa tuntuni, saka harshen kawai za a yi.

Inda ake samun matsala

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, waya ta zama jakar kuɗi a kasuwanninmu. A cikinta akwai manhajar OPay ko Moniepoint ko ta banki, lambobin dillalan kasuwar Dawanau, hoton rasit ɗin taki, da saƙon murya na wanda ya karɓi bashin iri ya ce sai kaka. Duk wannan na iya salwanta, kuma mafi yawan lokaci ba sabuntawar ce ke da laifi ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya sayi waya a shago, yaron shago ya karɓa ya buɗe masa adireshin Gmail cikin minti biyu, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, ya miƙa masa waya. Ba a rubuta komai a takarda ba. Bayan shekara biyu aka sabunta, wayar ta ɗan rikice, sai aka kai wa mai gyara, shi kuma ya goge ta gaba ɗaya. Tana kunnuwa sai ta tsaya cak tana neman adireshin da aka fara buɗe ta da shi. Wannan makulli an yi shi ne don ɓarawo, amma ga shi ya kama mai kaya. Yaron shago ya daɗe da barin garin, lambobi da hotuna sun tafi, ga kuma kuɗin gyara.

Matsala ta biyu cikar ma'aji ce. Bidiyon zaurukan WhatsApp, wa'azi, fina-finai da hotunan biki sun cinye wuri, sabuwar manhaja ta rasa inda za ta zauna, sai waya ta yi nauyi. Ta uku ɗaukewar caji ana tsakiyar aiki. Ta huɗu kuwa ita ta fi muni, wato saƙon ƙarya. Za a turo maka mahaɗi a WhatsApp ko ta tes a ce danna nan ka sabunta wayarka kafin a rufe ta. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin waya kaɗai take fitowa. Ba ta neman BVN, ba ta neman NIN, ba ta neman lambar katin ATM ko lambar sirrin da banki ya turo maka. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ɗan damfara ne.

Abin da za ka yi kafin ka danna

1. Ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Shiga saiti ka ga sunan. Idan ba ka san kalmar ba, ka canza ta yanzu tun wayar na buɗe, ka haɗa ta da lambar layin da ke hannunka, ka rubuta a littafi ka ajiye a gida.

2. Ka adana kayanka. Lambobin mutane su koma kan asusun Google, ba kan wayar kaɗai ba. Ka yi wa WhatsApp ajiya, amma ka cire bidiyo daga ciki, domin Google gigabait 15 kawai yake bayarwa kyauta kuma ajiyar WhatsApp a ciki take. Hotuna masu muhimmanci ka kwashe zuwa katin memori. Lissafin bashi kuwa ka kwafe shi a takarda.

3. Ka share wuri. Ka bar aƙalla gigabait 5 babu komai.

4. Ka cika caji. Kada ka fara sai batir ya haura rabi, zai fi kyau yana jone da sola ko fawa-banki. Kada ka bar waya a buɗe a shagon caji ka ce a sabunta maka.

5. Ka tanadi data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, asarar gigabait biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ka duba girman abin da za a sauke, ka nemi wurin da sabis ke da ƙarfi a cikin gari, ka yi amfani da datar dare ko wayfay na wanda ka amince da shi.

6. Ka tabbata layin da ka yi rajistar banki da shi yana cikin wayar, ko da manhajar banki za ta nemi ka sake shiga.

Yaushe ya dace?

Facin tsaro, da zarar ya zo ka saka. Babban sauyi kuwa ka ba shi mako biyu ko uku. Manomin kirki ba ya shuka gonarsa kaf da irin da bai taɓa gani a ƙasar garinsu ba, yakan bari ya ga yadda ya yi a kunya kaɗan tukuna. Ka tambayi masu irin wayarka sak, ba masu irin kamfanin kawai ba: manhajar banki na buɗewa? Kira na fita? Tana zafi? Idan amsa ta yi daɗi, sai ka bi.

Kada ka sabunta a daren jajibirin kasuwa, ko ranar da kake jiran alat na waken suya ko auduga, ko kana kan hanya. Masu POS da dillalan hatsi su zaɓi ranar da ba ciniki. Zubin gwaji da kamfanoni ke bai wa masu son ɗanɗanawa kafin kowa, wannan ba na wanda wayarsa ɗaya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan ka fara sabuntawa, kada ka kashe wayar, kada ka danne maɓalli don ka ga ta daɗe a kan tambarin kamfani. Takan ɗauki minti ashirin ko fiye.

Bayan an gama

A kwana biyu ko ukun farko waya takan ɗan yi ɗumi, caji ya riƙa sauka da wuri, saboda tana sake tsara manhajojin da ke ciki. Wannan yakan lafa da kansa. Ka shiga Play Store ka sabunta ƙananan manhajoji, musamman na kuɗi. Ka kunna kariyar ƙwace, ka sa lambar kulle mai lamba shida wadda ba shekarar haihuwarka ba. Masu amfani da WhatsApp na jabu irin su GB su rabu da shi, yana iya jawo a rufe musu lamba.

Idan an yi mako matsala ba ta tafi ba, kada ka yarda a yi mata filashin da manhajar da ba a san asalinta ba. Masu Tecno, Infinix da itel su nemi cibiyar Carlcare, wadda ita ce ta kamfanin Transsion mai waɗannan wayoyi. Sauran ma su nemi wakilin kamfaninsu. Kafin ka miƙa wa kowane mai gyara waya, cire layinka da katin memori, ka fita daga manhajar banki.

Wanda wayarsa ta daina samun sabuntawa kwata-kwata ba sai ya yar da ita yau ba, amma ya sani kwananta ƙidayayye ne. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 tun Oktoban 2023, bankuna ma sukan ɗaga nasu ma'aunin lokaci-lokaci. Irin wannan waya a bar ta ga kira da sauraren karatu, a daina ajiye kuɗi mai yawa ta kanta.

Tambayar da za ka yi a shago

Burin samun sabuwar manhaja tun ranar saye ake cika shi. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 na sabuntawa, Samsung ya yi wa Galaxy S24 shekara 7, ya yi wa Galaxy A16 mai sauƙin kuɗi shekara 6. Wayoyi masu araha da yawa kuwa babban sauyi ɗaya suke samu, wasu ko ɗaya babu. A Tarayyar Turai, daga 20 ga Yunin 2025 doka ta wajabta wa kamfanoni ci gaba da sabunta waya aƙalla shekara 5 bayan sun daina sayar da ita. Manomin Malumfashi da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi waya bai kamata a ba shi ƙasa da haka a ɓoye ba. Ina kira ga NCC, wadda ke tantance wayoyin da ake shigowa da su, ta tilasta a rubuta shekarun sabuntawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Kafin a kai ga haka, ɗan'uwa, idan kaka ta yi kyau ka shiga shago a Funtuwa ko Farm Centre ta Kano, kada ka tsaya kan yawan idon kyamara. Ka tambayi lambar Android da ke ciki, ka tambayi shekara nawa za ta yi tana samun facin tsaro, sannan ka buɗe adireshinka da hannunka ka rubuta kalmar sirrinka kafin ka bar shagon.