A Sayi Waya Inda Za a Yarda a Fere Ta

Mu masu aikin wayar lantarki da haɗa sola a yankin Kwaya, tambaya ɗaya ce ba ta yanke mana: ina ne za a samu waya mai kyau? Mai rumfar cajin salula yana yin ta, mai lambu da ya sa famfon sola a fadama yana yin ta, yanzu kuma ga malaman makarantun koyon sana'a masu son ɗalibansu su ƙera ɗan mutum-mutumi irin wanda ake kaiwa gasa. Kowa so yake a ambata masa sunan gari, ko Magaria, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Maigatari ranar Alhamis, ko a ba direba sautu daga Sabon Garin Kano. Sunan gari kuwa bai taɓa raba gardamar nan ba, domin a layi ɗaya, wani lokaci ma a kanta ɗaya, ake ajiye ta gaskiya da ta bogi. Abin da nake ganin ya dace a zaɓa shi ne mai sayarwa, ma'auninsa kuma guda ne: wanda zai yarda a yanki taƙi ɗaya na wayarsa, a fere robar, a gwada abin da ke ciki kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Dalilin wannan tsanani yana cikin lissafi. Wutar NIGELEC da ke shiga gida bolt 220 ce, batirin sola da na mutum-mutumi kuwa galibi bolt 12 ne. Na'urar da ke cin wat 100, in a wutar gida take, ba ta jan ko rabin amfiya; in a batir take, tana jan fiye da amfiya 8. Zafin da waya ke yi kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, ninkin ba ninkin yake hawa, ta yadda wayar da ta yi sanyi ƙalau a wutar gida za ta fitar da zafi sama da sau 300 in aka ɗora mata wannan aikin a bolt 12. A ɗauki fanon sola da ke kan rufi, nisan mita 10 daga batir, wato waya mita 20 zuwa da dawowa. In jan ƙarfe ne zalla mai kaurin milimita murabba'i 2.5, kuma amfiya 10 ke bi ta ciki, kusan bolt 1.4 ke salwanta a hanya. In alminiyum ne mai wannan kauri, asarar ta kai bolt 2.3. In kuma an rubuta 2.5 a jikin roba alhali cikin 1.5 ne na alminiyum, sai a doshi bolt 4, kashi ɗaya cikin uku na abin da batirin ke da shi. Mai gida zai ce fano ne ba shi da ƙarfi, ko batir ne ya mutu, ya je ya sayo sabo, ɓarawon kuwa yana manne a jikin bango. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, mutane da yawa suka koma ga sola, wannan asara ta shiga gidajen da a da ba su san ta ba.

Mutum-mutumi shi ne wurin da aibin waya ya fi saurin tonuwa. Wayoyinsa gajeru ne, amma motocin da ke juya ƙafafunsa suna fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi ko lokacin da ya tokari wani abu, kuma ƴar kwamfutar da ke ba shi umarni daga batir ɗaya take sha tare da su. Da zarar bolt ya faɗi ƙasa da abin da take buƙata, ko na ƙiftawar ido ne, sai ta mutu ta sake tashi, na'ura ta tsaya cik a tsakiyar fili. A gasar FIRST Global, wadda aka fara a Washington a 2017, kowane zagaye minti biyu da rabi ne, babu lokacin jiran kwamfuta ta farfaɗo. Ita kuwa babbar gasar FIRST ta ƴan sakandare a Amurka ta rubuta a dokokinta cewa waya ta zama ta jan ƙarfe, ta ƙayyade kaurin da ya dace da kowane makatsin wuta, kuma alƙalai suna duba na'ura kafin ta shiga fili. Wani zai ce ina ruwan Kwaya da dokar Amurka. Ruwanmu shi ne masu gasar sun tsara dokar ne don batir mai bolt 12, irin wanda ke ƙarƙashin teburin mai cajin salula a Dungas, kuma lantarki bai san iyakar ƙasa ba.

Algus ɗin da ake yi wa waya iri uku ne, kuma sukan haɗu a naɗi ɗaya. Akwai alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ido ya ga ja, ciki kuwa fari fat. Akwai rage ƙarfe a ƙara kaurin roba, waya ta cika hannu alhali silinta bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma tauye tsawo: yadi 100 mita 91 ne da ɗoriya, amma sai a sayar da shi da sunan mita 100. A ƴan siraran wayoyin da ake soka wa allon Arduino har baƙin ƙarfe ake samu an yi masa rini. Duk waɗannan ana kama su ba tare da wata na'ura mai tsada ba. A kankare sili da wuƙa: jan ƙarfe ja ne har zuciyarsa. A kara sili ɗaya a harshen kyandir: jan ƙarfe sai ya haura digiri 1,000 yake narkewa, don haka zai yi ja ya tsaya yadda yake, alminiyum kuwa a 660 yake narkewa, nan take zai lanƙwashe ya zube. A kawo mayen ƙarfe kusa: jan ƙarfe ba ya amsa masa. Gwajin da na fi amincewa da shi dai shi ne sikeli, don nauyi ba ya ɓoyuwa. Jan ƙarfe ya ninka alminiyum nauyi fiye da sau uku. Mita ɗaya na waya mai 2.5, in an cire roba, ya kamata ya kai giram 22, mai 1.5 kuma giram 13. Ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya ya isa. Wanda ya san kayansa ba ya jin haushin a yi masa haka, sau da yawa ma shi zai miƙo wuƙar.

Babbar hujjar masu sayen mai araha ita ce kuɗi, kuma ba hujjar banza ba ce a yankin da ake jiran kakar gyaɗa da riɗi kafin a yi babban sayayya. Sai dai a duba abin da ake biya. Alminiyum kashi 61 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, saboda haka wanda ya biya rabin kuɗi ya samu abin da bai fi rabin aiki da yawa ba, kafin a zo batun rage kauri. Ga mutum-mutumi ma hujjar ba ta tsayawa ko kaɗan, domin duk wayar da ke jikinsa ƴan mitoci ce. Bambancin kuɗin bai kai na mota guda cikin motocinsa ba, balle kuɗin motar da za ta kai yara Yamai ko Dakar, inda ake gasar mutum-mutumi ta ɗaliban Afirka.

Hujja ta biyu ta fi wayo: ai manyan wayoyin da ke kan turakun NIGELEC ma alminiyum ne, me ya sa ba su ƙone ba? Gaskiya ne alminiyum ne, amma an san alminiyum ɗin ne tun wajen lissafi, aka ƙara masa kauri, aka yi masa maɗaurai na musamman. Matsalarsa a mahaɗa take. Yana yin wata fata a jikinsa wadda wuta ba ta ratsawa da sauƙi, yana saki a ƙarƙashin kusa bayan ya sha zafi da sanyi, ba ya karɓar dalma yadda jan ƙarfe ke karɓa, kuma in ana lanƙwasa shi yau da gobe sai ya karye a cikin roba inda ido ba ya gani. Amurkawa sun sa shi a gidaje masu yawa tsakanin 1965 da 1973 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, suka dawo suna fama da mahaɗai masu zafi da gobara. A rumfar zana ko ɗakin da aka rufa da kara, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, mahaɗa mai zafi ba ta buƙatar dogon lokaci.

Saura masu cewa a bi suna kawai. Akwai kamfanonin Najeriya da suka daɗe suna yin waya, irin su Cutix na Nnewi, da Coleman, da Nigerchin, kuma hukumar SON tana ba kayan da suka cika ƙa'ida tambarinta. Samun dillalinsu na ainihi, mai ba da rasit, abu ne mai kyau. Amma sunan da ya yi kasuwa shi ɓarayi ke bugawa a jikin robarsu, kuma naɗin da ya bi hannu huɗu daga Alaba ta Legas zuwa Kano zuwa bakin iyaka, mai shagon ƙarshe ma bai san asalinsa ba. Ba lallai ne shi ya yi ha'incin ba. Saye ta intanet kuma ya fi kowanne duhu, tunda hoto ba ya feruwa. Wanda dole ta sa shi yin haka ya kula da lambar AWG ta Amurkawa, wadda ke tafiya a juye: lamba na hawa, waya na sirancewa. Lamba 12 ta ɗan wuce milimita murabba'i 3, lamba 14 tana wajen 2, lamba 18 ba ta kai 1 ba.

Ko jan ƙarfen gaskiya ne, ba kowace waya ce ta dace da abin da ke motsi ba. Mai sili ɗaya ƙaƙƙarfa da ake binnewa a bango, girgiza na karya ta. Mutum-mutumi waya mai laushi yake so, mai silalla da yawa kamar gashi, ja ga tabbatacciyar ƙafar batir, baƙa ga ɗayar, da fis kusa da batir. In an samu mai rigar silikon, wadda ke jure zafi har digiri 200 inda robar gama-gari ke tsayawa a 70, madalla. In ba a samu ba, akwai wurin da ake yawan mantawa da shi alhali yana kusa: garejin masu wayarin mota da masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Wayar mota don bolt 12 aka yi ta, don zafin inji da jijjigar hanya, kuma a tsofaffin motoci jan ƙarfe ce mai laushi, kala-kala. A zaɓi wadda robarta ba ta bushe ta tsage ba, a yanke bakin da ya yi baƙi ko kore har sai an iske ja mai sheƙi. Ita ma a kai ta ga kyandir da sikeli, domin wasu sababbin motoci sun fara zuwa da alminiyum a cikin damin wayoyinsu.