Kicin Mai Zamewa a Tirelar Kwana: Ina Yake Fara Ba da Matsala?

A Amurka, iyalai da yawa suna tafiya hutu da tirelar kwana, wato ƙaramin gida mai taya da ake ja da mota. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Da yake faɗin abin hawa a manyan titunan ƙasar bai wuce ƙafa 8 da rabi ba, sai kamfanoni suka ɓullo da dabara: wani sashe na ɗakin yana zamewa waje kamar durowa idan an tsaya, ya koma ciki idan za a tashi. A wasu tirelolin, kicin ɗungurungum ne a kan wannan sashe.

Yadda yake aiki

Ƙananan injuna masu amfani da batir mai volt 12 ne ke tura sashen. Wasu na tafiya kan ƙarfe mai haƙora a ƙarƙashi, wasu da igiyar ƙarfe, wasu da ƙarfin mai. Samfurin Schwintek na kamfanin Lippert yana da inji biyu, ɗaya a kowane gefe, da na'urar da ke ƙirga juyawarsu don su tafi tare. A wasu tirelolin, da manhajar OneControl ta wayar hannu ma ana buɗe shi.

Inda matsalar take

Na farko, nauyi. Firji, murhu, tukwane da kayan abinci sukan taru a gefe ɗaya. Idan batir ya yi sanyi ko tirelar ta karkace, gefe ɗaya na iya riga ɗaya, sashen ya cije. Kicin da ya maƙale a waje kuwa, babu tafiya sai an mayar da shi.

Na biyu, abubuwan da ke lanƙwashewa. Tiyon ruwa, tiyon gas, bututun ruwan wanke-wanke da wayoyin wuta duk suna bin sashen shiga da fita. Kamar wayar da ake ninkewa ne: wurin ninkin ya fi shan wahala. Yoyon ruwa yana ruɓar da katakon ƙasa a ɓoye, yoyon gas kuma na iya jawo gobara.

Na uku, robar da ke rufe gefuna. Rana tana busar da ita, ruwan sama ya samu hanya.

Abin da ya kamata a kiyaye

1. A daidaita tirelar, a tabbatar batir ya cika kafin a danna maɓalli.
2. A buɗe sashen har ƙarshe, kada a riƙa tsayar da shi a rabi.
3. A haska ƙarƙashin wurin wanke-wanke da tocila a duba danshi.
4. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar gas; kumfa na nufin yoyo.
5. A koyi yadda ake mayar da sashen da hannu tun kafin ranar buƙata.

Kicin mai zamewa yana daɗewa idan ana kula da shi. Sai dai manhaja umarni kawai take aikawa, ba ta ganin tiyon da ya fara tsagewa. Wannan aikin mai tirelar ne.