Adon Gida Lokacin Sallah: Tsakanin Roba da Kayan Gargajiya

Gabatarwa

Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk sa'adda Sallah ta ƙarato, kayan ƙawata ɗaki da suka fi cika kasuwar Keffi su ne furannin roba da balan-balan da ledoji masu ƙyalli. Bayan kwana kaɗan sai a gan su a bola ko a kwata, ruwan sama ya kwashe su zuwa kogin Antau. Roba kuwa ba ta ruɓewa da wuri, tana toshe magudanar ruwa, akuya ta haɗiye ta ta halaka. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin nuna cewa Bahaushe yana da hanyoyin ƙawata gida waɗanda ba sa cutar da muhalli.

Darasi Daga Indiya

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san Diwali, wato bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, wanda ke faɗowa a watan Oktoba ko Nuwamba. A gargajiyance suna kunna ƙananan fitilun yumɓu da suke kira diya, su yi zanen rangoli a ƙofar gida da garin shinkafa da furanni, su rataya ganyen mangwaro a bisa ƙofa. Da zamani ya zo, sai roba da wasan tartsatsin wuta suka mamaye bikin, hayaƙi ya riƙa turnuƙe birnin Delhi. A shekarar 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta taƙaita wasan wutar zuwa awa biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, sannan a 2022 gwamnati ta hana wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Wannan ya sa ake ta kiran jama'a su koma ga kayan kakanninsu. To, mu mene ne namu?

Kayan Adon Bahaushe

1. Daɓe: Mata ne ke taruwa su baza tsakuwa ko marmara a ɗaki, su yi ta duka da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba. Ita makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta. Takan sa daɓe ya yi ƙarfi, ya yi duhu mai sheƙi. Ɗorawa kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Keffi.

2. Shafe: Kafin Sallah akan shafe bango da farar ƙasa ko jar ƙasa. Magina kuma suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, don kare gini daga ruwa. Mai karatu ya lura, katsi da gashin jima sharar wasu sana'o'i ne, amma aka mayar da su abin amfani.

3. Zanen bango: Ana yin sa da laka tun tana ɗanya, a fitar da siffofi irin su dagi. Wanda ya je fadar Zazzau ko tsofaffin unguwannin Kano zai ga misali.

4. Jere: Kafin zuwan kwanukan tangaran da na roba, ƙore masu zane da faya-fayi da tukwane ne adon ɗakin mace, ga kuma tabarmar kaba a shimfiɗe.

5. Haske da ƙamshi: Fitilar aci-balbal da mai da lagwanin auduga take aiki, kamar dai diya ta Indiyawa. Turaren wuta kuma a kasko ake zuba shi.

Abin da ya haɗa waɗannan kaya shi ne, daga ƙasa suka fito, kuma in sun tsufa ƙasa za su koma.

Me Za Mu Iya Yi Yau?

Ban ce mai gidan siminti ya fasa daɓensa ba. Amma yana iya rataya faifai uku ko huɗu a bangon falo maimakon furen roba. Yana iya dasa fure mai rai a tukunyar ƙasa. Maƙwabtanmu Gbagyi gwanayen ginin tukwane ne, ai daga Kwali Ladi Kwali ta fito, wadda hotonta ke jikin naira 20. Kuɗin da aka sayi tabarma ko ƙwarya da shi, aljihun masaƙi da magyarci yake shiga, kuma kayan sukan kai wata Sallar.

Kammalawa

A ganina, asarar ba ta muhalli ce kaɗai ba, har da ta harshe. Ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya bambanta makuba da katsi? In sana'a ta mutu, kalmominta da waƙoƙinta sukan bi ta. Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa, idan mun je hutun Sallah mu zauna da iyaye da kakanni, mu tambaye su yadda ake daɓe da shafe, mu rubuta, mu naɗi muryarsu tun suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.