MAHARBIN DA BA YA KISA

Kowa ya san dabarar maharbanmu. Sukan ɗaura kan burtu, su sunkuya, har su kusanci barewa ba ta ankara ba. To, akwai wani Bature, Cherry Kearton, wanda ya yi irin wannan dabara, amma shi hoto yake nema.

An haife shi a Ingila cikin 1871. A 1895 shi da wansa Richard suka fid da littafin sheƙunan tsuntsaye, da hotuna na ainihi maimakon zane. Daga baya suka sa aka shimfiɗa fatar sa bisa katako, kai ka ce bijimi ne tsaye. Sai mutum ya shige ciki da abin ɗaukar hoto, ya daɗe a takure, tsuntsaye na harkarsu gabansa. Cikin 1909 Cherry ya tafi Afirka ta Gabas, ya ɗauko namun daji a majigi. Ya rasu a 1940.

Malaman gobe, in kun kai yaranku Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956, ku koya musu shiru da lura. Wanda ya harbe giwa, naman kwana uku ya samu. Wanda ya ɗauki hotonta kuwa, ya bar wa jikokinmu giwar da ranta.