Amsar Tambaya: An Taɓa Dakatar da Ni, In Faɗa ko In Yi Shiru?

Tambaya: An dakatar da ni shekara guda a jami'a saboda satar amsa, na dawo na kammala. Yanzu ina neman digiri na biyu a Amurka, fom yana tambaya ko an taɓa hukunta ni. In ce a'a?

Amsa: Ɗana, kar ka soma. Rubuta e.

Giɓin shekara guda a takardar sakamako ba ya ɓoyuwa. Cikin malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida, wataƙila wani ya zauna a kwamitin da ya hukunta ka. A ƙarshen fom kuma za ka sa hannu cewa gaskiya ka faɗa. In ƙarya ta fito, jami'ar da ta ɗauke ka tana iya janye gurbin ko da ka fara karatu, bizar ɗalibi ta F-1 kuwa a kan gurbin take rataye.

Bayani layi huɗu ko biyar ya isa: wane darasi, wace shekara, wane hukunci, da yadda sakamakonka ya tashi bayan ka dawo. Ban da ɗora laifi kan mai sa ido ko abokin zama, masu tantancewa sun gaji da wannan waƙar.

Kafin ka cika, leƙa ofishin magatakardar jami'ar da ka gama ka ga abin da ke fayil ɗinka, don bakinku ya zo ɗaya. Wasu jami'o'in za su ƙi ka, saboda haka nemi da yawa. Fom ɗin da bai tambaya ba, ba dole ka tono ba.