Daga Kaduna Zuwa Jidda, Sa'a Nawa?

Sa'ad da aka tura mu wata makarantar firamare a Badarawa don mu gwada koyarwa, sai muka ga ya kamata mu ba yara lissafi a kan abin da suka sani, gama ba wanda bai taɓa ganin ana raka maniyyata sansanin alhazai na Mando ba. Muka rubuta a allo: "Tsakanin filin jirgin sama na Kaduna da na Jidda kimanin kilomita 3,600 ne. Jirgi yana cin kilomita 800 cikin sa'a guda. In ya tashi da ƙarfe 8 na safe, ƙarfe nawa zai sauka?"

Yara suka raba 3,600 da 800, suka sami sa'a huɗu da rabi, suka rubuta ƙarfe 12 da rabi. Yaro ɗaya kaɗai ya rubuta ƙarfe 2 da rabi, muka kuwa soke masa. Da aka tashi ya zo ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, agogon wa za a duba, namu ko na mutanen Jidda?" Kunya ta kama mu, don gaskiyarsa ce.

Ga dalili. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin sa'a 24, watau digiri 15 kowace sa'a. Kaduna tana wajen digiri 7 gabas da Girinwic, Jidda kuwa wajen 39. Tsakaninsu digiri 32 ke nan, saboda haka rana takan fito musu kafin ta fito mana, agogonsu yana gaba da namu da sa'a biyu. Alhajin da bai gyara agogonsa ba zai sauka yana zaton Azahar ba ta yi ba tukuna, alhali kuwa a can La'asar ce ke gabatowa. In ya zo komowa abin ya juya: ya tashi ƙarfe 8, ya iso Kaduna ƙarfe 10 da rabi, sai ka ce tafiyar ta gajarce.

Ban da wannan, nisan nan na miƙaƙƙiyar hanya ne. Ku ɗauki zare ku miƙa shi bisa taswirar duniya mai siffar ƙwallo, za ku ga ya ratsa Cadi da Sudan, sa'an nan ya haye Bahar Maliya. Amma jirgi ba kullum yake samun bin zaren ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin 2023 aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazanmu suka yi kewaye, tafiya ta ƙaru. Iska ma takan tura jirgi ko ta danne shi, tashi da sauka kuma suna da nasu lokaci.

Kakanninmu da suka bi wannan hanya a ƙasa, ta Barno da Darfur har Sawakin, da shekaru suke ƙidaya tafiyarsu, gama jirgin sama bai sauka Kano ba sai 1925. Mu da muke ƙidaya ta da sa'o'i, bai kamata lissafinta ya gagare mu ba.

To, 'yan'uwa, kafin mu soke wa yaro amsa, mu fara tambayarsa yadda ya same ta. Washegari mun mayar wa yaron nan makinsa a gaban aji, muka kuma miƙa masa alli ya nuna wa sauran.