Ma'ana a Hannun Mai Kallo: Nazarin Muhawara Kan Dawowar Twin Peaks

A shekarar 2017 David Lynch da Mark Frost suka dawo da shirin Twin Peaks cikin kashi 18, bayan yankewarsa a 1991. Saɓanin masu kallo ya fi tsananta kan ƙarshensa, inda Dale Cooper ya koma shekarar 1989 don ceto Laura Palmer, daga bisani ya tarar da mai kamanninta, Carrie Page, wadda ba ta san wannan suna ba. Wasu sun ce mafarki ne. Wasu suka ce kashi na 17 da na 18 tare ake kallonsu. Da yake Lynch ya ƙi fassara aikinsa, alƙalanci ya koma ga matani: fassarar da ba ta da madogara a cikinsa shaci-faɗi ce.